Kabewa da 'yan katun: Yadda Amurkawa suka mayar da daren Halloween bikin yara

A daren 31 ga watan Oktoba na kowace shekara, miliyoyin gidaje a Amurka da Kanada kan ajiye kabewa a bakin ƙofa, an fafe ta, an huda mata idanu da hanci da baki, an kunna haske a cikinta. Yara kan yi shigar burtu su bi gida-gida suna karɓar alewa, iyaye kuma su haɗa liyafa wadda sharaɗin halartarta shi ne kowa ya zo da kamannin wani. Wannan shi ne bikin Halloween.

Wanda ya san bikin ta hotunan da ke yawo a waya zai ɗauka harkar fatalwa da mayu ce zalla. Alƙaluman kasuwa ba haka suka nuna ba. Ƙungiyar masu kantuna ta Amurka, NRF, wadda ke bin diddigin cinikin bikin duk shekara, ta ƙiyasta cewa a 2023 Amurkawa za su kashe dala biliyan 12.2 a kansa, biliyan 4.1 daga ciki a kan kayan shigar burtu kaɗai. Shigar da ta zo ta ɗaya a wajen yara a wannan shekarar kuwa ta Spider-Man ce, ta gimbiya na biye da ita. Hatta karnuka da kyanwoyi ana saya musu kaya, kuma shigar kabewa aka fi yi musu.

Shekara ɗari da suka wuce, dare ne da masu gidaje da 'yan sanda ke fargabar zuwansa saboda ɓarnar samari. Iyaye mata da hukumomin garuruwa da kamfanoni ne suka yi ta lallaɓa shi har ya koma liyafar falo, inda fuskar ɗan katun ta maye gurbin fuskar dodo.

Asalin daren

Kalmar Halloween gajarcewa ce ta wata tsohuwar jimlar Turanci mai ma'anar jajiberen ranar dukkan waliyyai. Tun ƙarni na 9 cocin Yammacin Turai ya tsayar da 1 ga Nuwamba a matsayin ranar tunawa da waliyyai, daga baya aka ƙara 2 ga Nuwamba domin yi wa sauran mamata addu'a. A waɗannan kwanaki, a wasu sassan Ingila da Ailan, talakawa kan bi gidaje ana ba su 'yar gurasa, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a.

Lokacin ya kuma yi daidai da Samhain, wanda ake furtawa “Sawin”, wato tsohon bikin mutanen Ailan da Sikotlan na ƙarshen kaka da shigowar hunturu. A lokacin ne ake dawo da dabbobi daga makiyaya, a yanka na yankawa a tanadi nama saboda sanyi. Tatsuniyoyin Ailan na nuna daren a matsayin lokacin da shamakin da ke tsakanin mutane da mutanen ɓoye kan yi sako-sako. Sai dai masana tarihi irin su Ronald Hutton na Jami'ar Bristol sun ja hankali cewa da yawa daga abin da ake jingina wa Samhain ba shi da hujja a rubuce-rubucen farko. Al'adun da aka tabbatar, irin su ɓad-da-kama da yawo da fitila, an rubuta labarinsu ne ɗaruruwan shekaru bayan Kiristanci ya kafu a tsibiran.

Turawan farko da suka zauna a yankin New England na Amurka masu tsaurin addini ne, ba su ɗauki wannan dare a bakin komai ba. 'Yan ci-rani daga Ailan da Sikotlan ne suka tsallaka da shi a ƙarni na 19, musamman bayan babbar yunwar da ta afka wa Ailan daga 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kuma kori fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙetare.

Jack da fitilarsa

Kabewar da aka fafe aka kunna wa haske, sunanta “jack-o'-lantern”, ma'ana Jack mai fitila. A Ingila ta ƙarni na 17 haka ake kiran mai gadin dare, haka kuma ake kiran wata 'yar wuta da akan hango tana rawa a kan fadama cikin duhu. Mutanen Ailan suna da tatsuniyar da ke bayanin wannan wuta.

Wai an yi wani marowaci, mashayi, mai suna Jack. Ya gayyaci Iblis shan giya, da aka zo biya sai ya lallashe shi ya rikiɗa ya zama kwabo. Iblis na rikiɗa, Jack ya jefa kwabon a aljihu kusa da gicciye, ya hana shi komawa siffarsa har sai da ya yi alkawarin ƙyale shi na wani lokaci. Da wa'adi ya cika, Jack ya sake yaudararsa ya hau itacen tuffa, ya zana gicciye a jikin itacen, bai bar shi ya sauko ba sai da ya rantse ba zai taɓa karɓar ransa ba. Da Jack ya mutu, aljanna ta ƙi shi saboda halinsa, wuta ma ta ƙi shi saboda alkawari. Iblis ya wurgo masa garwashi guda, ya sa a cikin saiwar da ya ƙwaƙule, yake ta gararamba da ita a duniya har yau.

Saiwar da tatsuniyar ke nufi ita ce tanif, wani abin lambu mai siffar ƙatuwar albasa da taurin ɗanyen rogo. Ita ake ƙwaƙulewa a Ailan da Sikotlan, aikin da kan ɗauki awanni ya kuma bar wa mutum kanta a hannu. A gidan tarihin rayuwar karkara da ke kusa da Castlebar a Ailan akwai kwafin irin wannan fitila ta farkon ƙarni na 20 daga yankin Donegal. Duk wanda ya ga fuskarta, da ƙananan idanu da haƙora a yashe, zai gane cewa a da ba don nishaɗin yara ake yin abin ba.

A Amurka baƙin suka tarar da kabewa, wadda ta fi girma, ta fi laushi, kuma dama cikinta rami ne. Kabewa 'yar asalin nahiyar Amurka ce. An tono 'ya'yanta da aka noma shekara kusan 10,000 da suka wuce a kogon Guilá Naquitz da ke jihar Oaxaca a Meziko. Daga wannan nahiya danginta suka bazu a duniya bayan ƙarni na 15, har da wadda ake miyar taushe da ita a ƙasar Hausa.

Adabi ma ya taimaka wajen haɗa kabewa da tsoro. A labarin Washington Irving na 1820, The Legend of Sleepy Hollow, wani mahayi marar kai ya kori malamin makaranta Ichabod Crane cikin dare, da gari ya waye ba a ga malamin ba sai hularsa da fasasshiyar kabewa. A littafin kabewa ce kawai, ba fuska ba wuta. Kamfanin Disney ne a fim ɗinsa na katun na 1949 ya sa mahayin ya wurgo ta tana ci da wuta, kuma wannan hoton ne ya zauna a zukatan Amurkawa.

A yau kabewar fafewa daban take da ta ci. Wadda aka fi sayarwa don bikin ita ce irin Howden, wanda wani manomi a jihar Massachusetts, John Howden, ya samar: launin lemo, doguwar siffa, kauri a wuya, ga ɗakin ciki mai faɗi. Naman cikinta salam yake, ba ya daɗin girki. Ta ci kuwa, jihar Illinois ce kan gaba wajen nomanta, inda masana'antar Libby's da ke garin Morton ke zuba ta a gwangwani.

Daren ɓarna

Abin da samarin Amurka suka fi riƙewa daga al'adar baƙin shi ne tsokana. A ƙauyuka akan cire ƙyauren shinge, a kwance shanu, a kifar da ban-ɗakin katako, wani lokaci a kwance keken doki a sake haɗa shi a kan rufin rumbu. Da al'adar ta shigo birane sai wasa ya zama ta'adi. A shekarun 1930, lokacin durƙushewar tattalin arziƙi, an riƙa fasa tagogi, ana kifar da motoci, ana cinna wuta, har wasu garuruwa suka fara shawarar haramta bikin ɗungurum.

Wasu kuwa suka ga cewa idan ba a iya hana yaro fita ba, a ba shi abin yi. Garin Anoka na jihar Minnesota, bisa tarihin da mutanensa ke bayarwa, ya gaji da wayar gari da shanu a tsakiyar titi, sai a 1920 ya shirya jerin gwano na yara masu shigar burtu, da rabon alewa da babbar wuta a dandali. Har yau garin na kiran kansa hedikwatar Halloween ta duniya. Makarantu da coci-coci da ƙungiyoyin unguwa suka bi wannan sawu.

'Yan kasuwa dama sun riga sun hango. Kamfanin takarda na Dennison da ke Framingham a Massachusetts ya fitar da wani ɗan littafi mai suna Bogie Book a 1909, daga bisani ya riƙa fitar da shi kusan duk shekara. Littafin na koya wa matan gida yadda za su rubuta katin gayyata, su ƙawata falo da launin lemo da baƙi, su haɗa kayan shigar burtu da takardar ado, wadda kamfanin ne ke sayar da ita. Tsarin liyafar Halloween ta cikin gida, kusan yadda ake yin ta yau, daga irin waɗannan littattafai ya fito.

Bin gida-gida ya zo a matsayin sulhu tsakanin yara da masu gidaje. Kalmomin da yaran ke faɗa a bakin ƙofa, “trick or treat”, wato a ba mu alewa ko mu yi tsiya, an riga ana ganinsu a jaridun Kanada a shekarun 1920, suka bazu a Amurka a shekarun 1930. Takaita sayar da sukari da aka yi daga 1942 zuwa 1947 saboda Yaƙin Duniya na Biyu ya dakushe al'adar, amma tana dawowa ta samu sababbin unguwannin bayan gari cike da ƙananan yara. Mai karatun da ya san tashe zai gane fasalin abin: yara sun sauya kama, suna bin gidaje da dare, ana ba su ɗan abin hasafi. Kamar ta tsaya a nan, domin babu abin da ya haɗa asalinsu.

Ɓarnar dai ba ta mutu gaba ɗaya ba. A birnin Detroit, a 1984, an samu gobara fiye da 800 a kwanaki ukun da ke kewaye da bikin.

Shigowar 'yan katun

Kafin shekarun 1930 a gida ake haɗa kayan shigar burtu: tsohon zanen gado ya zama fatalwa, baƙin tukunya a fuska da tsumma su zama ɗan gararamba. Wanda ya sauya wannan shi ne Ben Cooper, mai ɗinka wa 'yan wasan dandali kaya a New York. A 1937 ya kafa kamfani a Brooklyn, ya kuma karɓe ragamar kamfanin A.S. Fishbach wanda ke da lasisin yin kayan Mickey Mouse da Donald Duck da Snow White. A ƙarshen wannan shekarar ne fim ɗin Snow White ya fito, ciniki ya buɗe.

Kayan Ben Cooper ba su da wani kyan a-zo-a-gani. Fuskar roba ce mai siririyar igiya da ke tsinkewa tun kafin dare ya yi nisa, da riga mai sheƙi wadda aka buga hoton ɗan katun da sunansa a ƙirji, kamar dai kamfanin na tsoron kada a kasa gane shi. Ana sayar da su a kwali mai tagar leda, fuskar na leƙo mai saye. Amma suna da araha, ana samunsu a manyan kantuna irin su Woolworth da Sears, kuma kamfanin na da hancin gane wanda zai yi tashe. Spider-Man ya fara bayyana a mujallar zane a 1962, a 1963 Ben Cooper ya riga ya fitar da kayansa.

Su kansu masu katun ɗin sun tallata bikin. A 1951 zanen Peanuts na Charles Schulz, wanda ke fita a jaridu, ya nuna yaransa suna bin gidaje. A 1952 Disney ya fitar da gajeren fim mai suna Trick or Treat, inda Donald Duck ya hana 'ya'yan 'yar'uwarsa uku alewa, wata mayya ta taya su ramawa. Ga yaran da al'adar ba ta kai garinsu ba, fim ɗin darasi ne a kan yadda ake yi. Tun 1945 ma an samu Casper, fatalwar da ba ta son tsorata kowa, abota kawai take nema. Da wuya a samu alamar da ta fi wannan nuna inda bikin ya dosa.

Wanda ya fi kowanne tasiri shi ne It's the Great Pumpkin, Charlie Brown, wanda tashar CBS ta fara nunawa ranar 27 ga Oktoba, 1966. A cikinsa yaro Linus ya kwana a gonar kabewa yana jiran wata Babbar Kabewa da ya yi imani za ta taso ta raba wa yara kyauta, ba ta kuwa zo ba. Charlie Brown ya huda zanen fatalwarsa ramuka barkatai, kuma duk gidan da suka je, abokansa su samu alewa shi ya samu dutse. A wajen liyafa, bayan ƙoƙon kansa aka yi amfani da shi wajen gwada zanen fuskar kabewa. Schulz ya ba da labarin cewa bayan nuna fim ɗin, masu kallo sun riƙa aiko da alewa ta gidan waya da sunan Charlie Brown. An shafe fiye da shekara 50 ana nuna shi duk Oktoba a talabijin na kyauta, shi ya sa da kamfanin Apple ya sayi haƙƙinsa a 2020 aka yi ta ƙorafi.

Daga nan jerin ya yi tsawo: Scooby-Doo daga 1969, wanda dodanninsa kullum kan zama mutane ne a cikin fuskar roba, shirin musamman na The Simpsons duk shekara tun 1990, da The Nightmare Before Christmas na 1993, wanda jaruminsa kwarangwal Jack Skellington ke da laƙabin Sarkin Kabewa. Kamfanin Ben Cooper kuwa bai ga ƙarshen abin da ya faro ba. Ya durƙushe, abokin hamayyarsa Rubie's ya saye shi a 1992.

Akwai batun haƙƙin mallaka, wanda ke bayyana dalilin tsadar kayan. Siffar kowane ɗan katun dukiyar wani kamfani ce, kuma ba sa wasa da ita. A 1989 Disney ya tilasta wa wasu gidajen rainon yara uku a jihar Florida goge hotunan Mickey Mouse da abokansa daga bangonsu. Wanda ya ɗinka wa ɗansa kaya ko ya sassaƙa fuskar Mickey a kabewar ƙofar gidansa babu mai binsa, mai sayarwa ba lasisi shi ke shiga uku. Sai a ranar 1 ga Janairu, 2024 ne siffar Mickey ta farko, ta fim ɗin Steamboat Willie na 1928, ta fita daga kariyar haƙƙin mallaka a Amurka.

Yadda liyafar ke gudana

Yawanci akan yi liyafar yara da rana ko da yamma, a ƙarshen makon da ya gabaci 31 ga Oktoba, domin a bar ainihin daren ga bin gidaje. Mai gayyata kan faɗi jigon tun a kati: ko a ce kowa ya zo a ɗan katun ɗin da yake so, ko a taƙaita ga fim guda. Iyalai da abokai sun fi son katun mai taurari da yawa domin a raba. Scooby-Doo na da Fred da Daphne da Velma da Shaggy, idan akwai kare a gidan kuwa an huta da neman na biyar.

Fafe kabewa shi ne babban aikin ranar, kuma ya fi kowane ɓata wuri. Akan shimfiɗa jarida ko leda a tebur, a ajiye kwano biyu, ɗaya na 'ya'ya ɗaya na shara. Babba ne ke yanke murfi a kewayen wuyan kabewar, yana karkata wuƙa zuwa ciki domin kada murfin ya faɗa rami idan an mayar da shi. Wasu sun fi son yanke gindi, a kifa kabewar a kan fitila, domin ta fi daɗewa idan ba a taɓa wuyanta ba. Yara ne ke ƙwaƙule ciki da hannu da cokali. Ana kankare ɓangaren da za a zana har kaurinsa ya dawo kamar santimita 2 zuwa 3.

Fuskar gargajiya, idanu masu kusurwa uku da baki mai giɓi, ba ta bukatar gwaninta. Fuskar ɗan katun sai da dabara. Akan buga hoton a takarda, a manna a jikin kabewar, a bi layukan da tsinke ana hudawa, sannan a cire takardar a bi ɗigogin da ɗan ƙaramin zarto. Iyalan Bardeen na jihar Colorado ne suka fara sayar da irin waɗannan zartuna tare da takardun zane a 1986 da sunan Pumpkin Masters, kuma daga nan ne kabewar ƙofar gida ta tashi daga fuska ɗaya tilo zuwa kowane irin hoto. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne yanke da'ira cikakkiya a kewayen ƙwayar ido, sai idon gaba ɗaya ya zube ciki. Dole a bar 'yar gada da ke riƙe da shi. Gwanaye kuwa ba sa huda ko'ina. A wasu wuraren fatar kawai suke ferewa, sai haske ya ratso naman a dushe, a samu launi uku: mai haske inda aka huda, ja-ja inda aka fere, baƙi inda ba a taɓa ba. Jack Skellington ya fi sauƙi, manyan idanu biyu da dogon baki mai ɗinki. Mickey Mouse kuwa akan soka masa ƙananan kabewa biyu a matsayin kunnuwa. Ƙananan yara fenti da takardar mannawa ake ba su maimakon wuƙa.

Kabewar da aka fafe ba ta wuce 'yan kwanaki, da wuya ta cika mako ba ta yi laushi da fumfuna ba, shi ya sa ba a fafewa da wuri. 'Ya'yan akan wanke a gasa da gishiri a ci a wajen. Sauran wasannin su ne cafko tuffa da baki daga cikin bahon ruwa, wanda tsohon wasa ne daga Birtaniya da Ailan, da naɗe yaro da takardar ban-ɗaki ya zama gawar Fir'auna, da zaɓen wanda ya fi kowa iya shiga. Akan rufe da kallon katun. Wasu garuruwa kan yi abin a babban mataki: birnin Keene na jihar New Hampshire ya kunna kabewa 30,581 a lokaci guda a watan Oktoban 2013.

Inda haɗarin yake

Abin da iyayen Amurka suka fi tsoro shi ne baƙo ya ba yaro alewa mai guba, kuma shi ne mafi ƙarancin faruwa. Masanin zamantakewa Joel Best ya bi rahotannin jaridu na gomman shekaru bai samu yaron da baƙo ya kashe ta wannan hanya ba. Shari'ar da ta fi shahara, ta 1974 a jihar Texas, uba ne, Ronald Clark O'Bryan, ya sa wa ɗansa guba a alewa domin kuɗin inshora, aka kuma zartar masa da hukuncin kisa a 1984.

Haɗarin gaske na wajen wuƙa da wuta da mota. Hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka, CPSC, ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum kusan 3,200 ke zuwa sashen gaggawa duk shekara saboda raunukan da suka shafi bikin, kashi 55 cikin 100 daga fafe kabewa. Jikin kabewa na da santsi, wuƙa kan maƙale, mutum ya danna da ƙarfi ta zarce cikin tafin hannun da ke riƙe da ita. A Birtaniya, a 2014, kayan shigar mayya da 'yar mai gabatar da shirye-shirye a BBC Claudia Winkleman ke sanye da su sun kama da wutar kyandir, yarinyar ta ƙone sosai, lamarin da ya sa manyan kantuna suka tsaurara gwajin da ake yi wa kayan. Shi ya sa yanzu mutane da yawa ke sa ƙananan fitilu masu batir a cikin kabewa maimakon kyandir. Game da mota kuwa, wani bincike da mujallar JAMA Pediatrics ta wallafa, wanda ya duba alƙaluman 1975 zuwa 2016, ya gano cewa haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙasa na ƙaruwa da kashi 43 cikin 100 a daren, na yara 'yan shekara 4 zuwa 8 kuwa na ninkawa har sau goma. Fuskar roba mai ƙananan ramukan ido da baƙaƙen kaya cikin duhu na daga cikin dalilai.

Saboda yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko madara, tun 2014 aka yaɗa al'adar ajiye kabewa mai launin shuɗi-kore a ƙofa, alamar cewa gidan na da kyautar da ba ta ci ba ce.

Shigar katun ma ba ta tsira daga taƙaddama ba. A 2016 Disney ya janye kayan Maui na fim ɗin Moana, waɗanda aka yi su da launin fatar mutanen tsibiran Fasifik da zanen jikinsu, bayan mutanen yankin sun ce fatarsu ba riga ba ce.

Waɗanda ba sa yi

Ba duk Amurkawa ke bikin ba. Shaidun Jehobah ba sa yi, wasu coci-cocin bishara na ganin sa a matsayin wasa da shaiɗanci, sai su shirya bikin kaka a harabarsu a madadinsa. Yahudawa masu riƙo da addini ma da yawa na ƙaurace masa. A wajen Musulmi, malamai da dama sun hana saboda asalinsa, kuma majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta haramta shi a 2014. Ga iyalan Musulmi da na Kirista 'yan Afirka da ke zaune a Amurka, tambayar kan taso ne daga makaranta, ranar da aka ce kowane yaro ya zo da shigarsa. Makarantun gwamnati kan bar iyaye su cire 'ya'yansu daga shagalin, wasu gundumomin ma sun soke shi a lokacin karatu saboda bambancin addinin ɗalibai da kuma iyayen da ba su da kuɗin sayen kaya.

A unguwanni akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba amma kowane yaro ya san ta. Gidan da ya kunna fitilar ƙofa ko ya ajiye kabewa mai haske, ana iya ƙwanƙwasawa. Gidan da ya kashe fitilarsa, wucewa ake yi.